Ilimin Soja da Ƙofofinsa: Nasiha ga Matasan Samaru da Sabon Gari

Ilimin soja fanni ne da ke nazarin yadda ƙasa take tara mayaƙa, ta horar da su, ta ciyar da su, ta kai su inda ake buƙatarsu, ta yi aiki da su don cimma wata manufa, sannan ta riƙe linzaminsu a ƙarƙashin doka. Fareti da harbi, waɗanda ido ya fi gani, ɗan yanki ne kawai na wannan fanni. Mafi yawansa a aji ake koyonsa, da littafi da taswira da alƙalami. A cikinsa akwai tarihin yaƙe-yaƙe, da labarin ƙasa, da lissafi, da aikin injiniya, da sadarwa, da tattara bayanan sirri, da dokokin yaƙi, da sanin halayyar ɗan Adam idan tsoro da gajiya da yunwa suka haɗu a kansa.

Masana sukan kasa shi hawa uku. Hawa na ƙasa shi ne dabarar fagen fama: yadda ƙaramin hafsa zai shimfiɗa mutum 30 a gefen tudu, inda zai kafa babbar bindiga, ta inda zai janye idan abu ya ɓaci. Hawa na tsakiya shi ne tsara farmaki a yanki guda, inda ake haɗa bataliyoyi da jiragen sama da motocin kaya su yi aiki ɗaya cikin makonni ko watanni. Hawa na sama shi ne babbar manufa, wato tambayar me ƙasa take nema da wannan yaƙi, kuma ko akwai hanyar samunsa ba tare da an zubar da jini ba. Wani janar ɗan Jamus mai suna Clausewitz, wanda aka buga littafinsa a kan yaƙi a 1832, bayan rasuwarsa, ya gina tunaninsa a kan cewa yaƙi bawan siyasa ne, kuma har gobe da wannan tunani ake buɗe darasi a manyan kwalejojin soja na duniya.

Reshen da matasa suka fi rainawa, alhali shi ya fi yanke hukunci a fagen daga, shi ne jigilar guzuri da kayan aiki. A ɗauka an tura bataliya mai mutum 700 wani daji a watan Afrilu, kuma kowane soja yana buƙatar lita 10 ta ruwa a rana don sha da girki. Lita 7,000 ke nan kullum, kafin a zo maganar abinci, da man mota, da harsashi, da magani, da motar kwashe waɗanda suka ji rauni. Tanka nawa za ta ɗauki wannan ruwa, ta wace hanya, da rakiyar mutum nawa, kuma me za a yi idan gada ta karye? Hafsan da ya kasa warware wannan lissafi ya kashe mutanensa tun kafin abokan gaba su harba ko harsashi ɗaya. Saboda haka ɗalibin da yake gudun darasin lissafi a sakandare da tunanin cewa aikin soja ƙarfi ne kawai, tun yanzu ya kama hanyar da ba ta ɓullewa.

Ƙasar Hausa ta san wannan ilimi tun kafin zuwan Turawa. Masarautar Zazzau tana da Madaki mai jagorancin mayaƙan doki, akwai barade da 'yan lifidi da 'yan baka, kuma ganuwar da ta kewaye birnin Zariya aikin masu tunanin tsaro ce, waɗanda suka san inda ya dace a buɗe ƙofa da inda ya dace a haƙa gwalalo. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, sun karya rundunar Gobir mai dawakai. Muhammadu Bello ya rubuta labarin waɗannan yaƙe-yaƙe a littafinsa Infaƙul Maisuri. Bayan kusan shekara 100, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗi a hannun runduna 'yar ƙarama mai igwa da bindiga mai ruwan harsashi, aka ƙarasa a Burmi. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci a ɓangaren waɗanda aka ci ba. Abin da ya raba gardama shi ne makami da horo da tsari, kuma wannan darasi ne da ya kamata duk ɗalibin fannin ya zauna ya yi ta juyawa.

Rundunar da ta ci waɗannan birane ita ce tushen sojan Najeriya na yau. Asalinta 'yan tsirarun Hausawa ne da wani Bature mai suna Glover ya tara a Legas a 1863, daga baya aka kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga a 1897, kuma an daɗe ana ba da umarni a cikinta da harshen Hausa. A 1924 aka kafa Daffo a Zariya don horar da kurata. Tun daga lokacin garin ya zama garin bariki. Sunan barikin Chindit ma daga Yaƙin Duniya na Biyu ya samo asali, lokacin da bataliyoyin Najeriya suka shiga wata runduna mai wannan suna, wadda ta yi yaƙi a dazukan Bama a 1944, a bayan layin sojojin Japan, ana jefa mata abinci da harsashi daga jirgin sama. A Basawa kuma akwai makarantar 'yan sandan soja. Yaron da ya tashi a Samaru ko Palladan ko Sabon Gari ya saba ganin kaki tun yana goye. Sai dai sabo da gani daban yake da sanin yadda ake shiga, kuma a nan ne da yawa suke tafka kuskuren da ba ya gyaruwa.

A wasu ƙasashe ana koyar da ilimin soja a jami'o'in farar hula. A Amurka, tun 1916, akwai tsarin da ɗalibi zai riƙa karatun digirinsa a jami'a, yana haɗawa da darussan soja da atisaye, idan ya gama a ba shi muƙamin hafsa. Najeriya ba ta bin wannan tsari. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello zai iya karanta tarihi ko kimiyyar siyasa da hulɗar ƙasashe, ya yi rubutu mai zurfi a kan yaƙi da tsaro, amma takardarsa ba ta ɗora masa anini a kafaɗa. Mai ba da wannan muƙami hukumar soja ce kaɗai, ta ƙofofin da ta tsara, kuma kowace ƙofa tana kai mai shigarta rayuwa iri daban.

Babbar ƙofa ita ce Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, wadda kowa ya sani da NDA. An buɗe ta a 1964, kwamandanta na farko wani birgediya ne ɗan Indiya mai suna Varma. Kafin nan, da yawa daga cikin hafsoshin Najeriya a Teshie ta ƙasar Gana da kuma Ingila suke samun horo. Zakariya Maimalari da Hassan Usman Katsina da Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, da Murtala Muhammad duk ta Sandhurst suka bi, kuma duk sun yi kwalejin da ake kira Barewa a yau. A 1985 NDA ta fara karatun digiri, ta zama jami'a mai kaki. Mazauninta na dindindin yana Afaka. Tana da tsangayar fasaha da nazarin zamantakewa, da ta kimiyya, da ta injiniya, da ta harkokin gudanarwa, da kuma tsangaya ta musamman ta ilimin soja. A nan ake samun sashen tarihi da nazarin yaƙi, da karatun siyasa da tsaro, da na bayanan sirri da tsaron intanet. Kwas ɗin sojan ƙasa shekara 5 ne: 4 na digiri haɗe da horo, ta ƙarshe kuma ta zallar aikin soja. Gwamnati ce take ɗaukar nauyin ci da kwana da tufafi, har da ɗan alawus.

Shiga NDA tana farawa daga jarrabawar JAMB, inda ɗalibi zai sa ta a zaɓinsa na farko. Ana neman kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da lissafi. Bayan haka akwai jarrabawar tantancewa ta makarantar, sannan waɗanda suka tsallake su bayyana gaban kwamitin zaɓe, inda ake auna tsawo, a duba ido da jini da ƙirji da ƙafa, a gwada gudu da juriya, a yi hira ta baka. Dole mai nema ya kasance bai yi aure ba, kuma akwai iyakar shekaru mai tsauri, wadda take rufe ƙofa tun mutum yana farkon shekarunsa na 20. Wanda ya yi ta jan ƙafa bayan sakandare yana jiran sai ya huta, sau da yawa yakan farka ya tarar shekarunsa sun wuce. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 217, ya wajabta cewa hafsoshi da sauran sojoji su fito daga ko'ina a ƙasar, don haka gurabe jiha-jiha ake raba su. Ma'anar wannan ita ce ɗan Jihar Kaduna da 'yan jiharsa yake takara, kuma ɗalibin da aka haifa a Samaru amma iyayensa 'yan wata jiha ne, takardar asalinsa ce za ta nuna layin da zai tsaya. Ya kamata a daidaita wannan takarda da ta haihuwa tun da wuri, suna da kwanan wata su zo ɗaya a kowace takarda, domin saɓanin harafi ɗaya yana iya mayar da mutum gida.

Samun shiga ba shi ne gamawa ba. Ana mayar da ɗalibi baya idan ya faɗi jarrabawa, ana kuma korarsa a kan satar amsa ko ƙarya ko rashin ɗa'a, ko da saura wata guda ya fita. Karatun ana yin sa ne cikin ƙarancin barci da gajiyar jiki, kuma da gangan aka tsara shi haka, domin ana so a ga wanda kansa zai ci gaba da aiki bayan jikinsa ya gaji. Abin da ya fi muhimmanci a wannan mataki shi ne zaɓin fannin digiri. Kaki yana da ranar tuɓewa, amma digirin injiniya ko na kwamfuta ko na lissafin kuɗi yana bin mai shi har tsufa. Tun 2011 ake ɗaukar mata a wannan kwas, kuma ta nan Tolulope Arotile ta fito, wadda ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a Najeriya kafin rasuwarta a Kaduna a 2020.

Akwai ƙofar da take buɗewa tun kafin wannan, kuma a cikin Zariya take. Makarantar Sakandaren Soja, wato NMS, an kafa ta ranar 20 ga Mayu 1954 da yara 30, a ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey, ta kuma ɗauki sunanta na yanzu a 1960. Yara maza take ɗauka bayan firamare, su yi shekara 6 suna karatun sakandare da horon soja tare. Tunde Idiagbon da David Mark da Joseph Garba da Buba Marwa duk tsofaffin ɗalibanta ne. Amma iyaye su sani cewa gama NMS ba ya ba yaro kujera a NDA kai tsaye, sai ya zauna jarrabawa kamar kowa. Kuma yaron da aka tura can don kawai ya gagari gida, an ɗora wa makaranta nauyin da ba nata ba.

Ƙofar Daffo ita ce mafi faɗi, ita ce kuma aka fi rikita ta da ta NDA. Wanda ya shiga Daffo kurtu ne. Yakan yi kimanin wata 6 yana horo, ya fito farabiti, sannan ya riƙa hawa a hankali: igiya ɗaya, kofur, saje, har samanja idan rai da sa'a sun kai. Wannan layi yana da daraja, kuma duk hafsan kirki ya san cewa tsofaffin sajoji ne suke riƙe da runduna. Sai dai layi ne daban da na hafsoshi, albashinsa daban, masaukinsa daban, iyakarsa daban. Samanjan da ya shekara 30 yana aiki shi zai sara wa ƙaramin laftanar da ya fito NDA jiya. Akwai hanyoyin da soja zai tsallaka ya zama hafsa, musamman idan ya ƙaro karatu ya sami digiri, amma gurabensu kaɗan ne, masu nema kuma da yawa. Saurayin da yake da kiredit ɗinsa cif, shekarunsa ba su wuce ba, bai kamata gaggawar albashi ta sa ya faɗa Daffo kafin ya gwada NDA ba. Wanda kuma ya zaɓi Daffo da saninsa, zai fi cin riba idan ya shiga da sana'a a hannu, kamar kanikanci ko walda ko aikin lantarki ko aikin jinya, domin ana ɗaukar masu sana'a a rukuni na musamman, kuma sana'ar tana nan bayan ritaya.

Ga ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da yake harabar Samaru ko ta Kongo yana karatun digiri, hanya ba ta toshe ba. Rundunonin ƙasa da ruwa da sama suna ɗaukar waɗanda suka gama jami'a ko babbar difloma, suka kuma yi bautar ƙasa, a ba su horo na watanni a naɗa su hafsoshi. Iri biyu ne. Akwai na mayaƙa, waɗanda za su jagoranci dakaru kamar 'yan uwansu na dogon kwas. Akwai kuma na masu ƙwarewa: likitoci, da masu haɗa magunguna, da injiniyoyi, da lauyoyi, da malamai, da akantoci, da limamai da fastoci, waɗanda za su ci gaba da sana'arsu cikin kaki. Aderonke Kale, mace ta farko da ta kai muƙamin manjo janar a sojan Najeriya, likitar ƙwaƙwalwa ce. Blessing Liman, 'yar Jihar Kaduna, wadda ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a ƙasar, ta yi karatu a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964. A wannan ƙofa matakin digiri yana da tasiri, don haka wanda yake wasa da karatunsa a aji biyu yana rufe wa kansa ƙofar da bai ma san da ita ba tukuna. Akwai kuma makarantun da soja suka kafa amma farar hula suke ɗauka, kamar Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu, wadda aka buɗe a 2018, da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama a Kaduna. Takardarsu digiri ce kamar ta kowace jami'a, ba ta mayar da mai ita soja.

Bayan an naɗa hafsa, sai a tura shi wani reshe, kuma kowane reshe yana da makarantarsa. Dakarun ƙasa suna Jaji, a kan hanyar Zariya zuwa Kaduna. Masu igwa suna Kachiya, masu tankokin yaƙi suna Bauchi, injiniyoyi suna Makurɗi, masu sadarwa suna Legas, masu jigila da sufuri suna Binin. Daga nan rayuwar hafsa jerin kwasa-kwasai ce da jarrabawar ƙarin girma. Kyaftin da manjo sai sun bi ta Kwalejin Hafsoshi ta Jaji, wadda aka kafa a 1976, inda ake koyon rubuta umarnin farmaki da aikin ofishin kwamanda. Masu manyan muƙamai kuma suna zuwa Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja, wadda aka buɗe a 1992, ko Cibiyar Nazarin Manufofi ta Kuru. Hafsan da ya faɗi jarrabawar ƙarin girma fiye da adadin da aka yarda, akan sallame shi tun shekarunsa ba su kai ba. Dala ce mai faɗin gindi da tsinin kai: cikin waɗanda suka fara tare, kaɗan ne suke kai wa janar. Waɗanda suka yi fice kan sami aiki a wajen ƙasa. Sojojin Najeriya sun je Kwango a 1960, sun jagoranci rundunar ECOMOG a Laberiya daga 1990, sannan a Saliyo, kuma Janar Martin Luther Agwai, ɗan Jihar Kaduna, ya shugabanci rundunar kiyaye zaman lafiya a Darfur daga 2007 zuwa 2009.

Darasin da ya fi kowane nauyi a wannan fanni shi ne na doka da amana. Sashe na 217 na tsarin mulki ya ɗora wa soja kare ƙasa daga harin waje, da tsare iyakokinta, da taimaka wa hukumar farar hula wajen kwantar da tarzoma idan shugaban ƙasa ya nema. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 kuma sun hana taɓa fursunan yaƙi da wanda ya ji rauni da farar hula, kuma shari'ar Musulunci ta riga ta hana kashe mata da yara da tsofaffi a fagen yaƙi. Yau mafi yawan aikin sojan Najeriya a cikin gida yake, a tsakanin mutanen da ya rantse zai kare, inda ɗan bindiga da manomi suke sa riga iri ɗaya. Zariya ta ga abin da yake faruwa idan ƙarfi ya wuce iyaka: kwamitin shari'a da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa bayan rikicin Disamba 2015 tsakanin sojoji da 'yan Harkar Musulunci ya ba da rahoton mutuwar mutum sama da 340. A Disamba 2023 kuma jirgi marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa kuskurenta ne. A bayan kowane irin wannan al'amari akwai mutumin da ya karanta bayani, ya yanke shawara, ya ba da umarni. Shi ya sa ake buƙatar masu ilimi da tsoron Allah a wannan aiki. Matashin da abin da yake ja masa rai shi ne ya sa kaki ya mari ɗan acaba a Kwangila, gara ya nemi wata sana'a, domin zai cuci jama'a ya kuma cuci rundunar.

Haka nan wanda yake kallon soja a matsayin gajeriyar hanyar zuwa gidan gwamnati, yana karanta tarihin da ya shuɗe ne. Mulkin soja ya ƙare a Najeriya ranar 29 ga Mayu 1999, kuma juyin mulkin da aka yi ta yi tun 1966 ya ci rayukan hafsoshi masu yawa, ciki har da Maimalari da Murtala.

Aikin yana da farashi, kuma wajibi ne a faɗa wa matasa shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Soja ba shi da ikon zaɓar inda za a kai shi, ba ya yajin aiki, ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama, kuma yana ƙarƙashin dokar soja da kotun soja bayan dokar da ta hau kan kowa. Yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, bai kwana a gidansa ba. Yaƙin arewa maso gabas ya ci rayuka da yawa, ciki har da Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamba 2016. Ko NDA kanta 'yan bindiga sun shiga Afaka a Agusta 2021, suka kashe hafsoshi biyu. Waɗanda suka dawo da rai, wasu sukan dawo da rauni a jiki, wasu da firgicin da yake hana barci, abin da al'umma ba ta cika ɗauka a matsayin ciwo ba. Duk mai niyyar shiga ya kamata ya zauna da iyayensa a yi wannan magana a fili, ya kuma nemi wani tsohon soja a unguwa ya ji daga bakinsa.

Ilimin soja bai tsaya ga masu kaki ba. Makarantar gaba da digiri ta NDA tana ɗaukar farar hula, jami'o'i da dama kuma suna koyar da nazarin tsaro da zaman lafiya da sasanta rikici. Mai irin wannan karatu yana iya neman aiki a hukumomin leƙen asiri guda uku da aka kafa a 1986, wato ta cikin gida da ta waje da ta soja, ko a ma'aikatar tsaro da ta harkokin waje, ko a hukumomin kwastan da shige da fice da yaƙi da miyagun ƙwayoyi da agajin gaggawa. Mai sha'awar aikin ɗan sanda yana da makarantar Wudil a Jihar Kano, wadda ita ma digiri take bayarwa. Injiniya yana da Kamfanin Ƙera Makamai na Kaduna, wanda aka kafa a 1964. Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar ECOWAS da ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar masu nazarin rikici da masu tsara jigila, bankuna da kamfanonin sadarwa kuma suna neman masu tsaron intanet. Akwai wani giɓi babba a aikin jarida: labarin tsaro ya cika gidajen rediyon Hausa, amma masu iya bambance bataliya da birged, su auna sanarwar hukuma da ta 'yan bindiga da ma'aunin ilimi, ba su da yawa. Sai dai a yi hattara, digirin nazarin tsaro shi kaɗai bai cika buɗe ƙofa ba. Yakan yi ƙarfi ne idan an haɗa shi da wani abu na hannu, kamar Faransanci, wanda ake buƙata don aiki da Nijar da Cadi da Kamaru, ko Larabci, ko iya sarrafa alƙaluma da taswirar kwamfuta.

Wa'adin aikin soja galibi ba ya wuce shekara 35, kuma da yawa suna fita kafin nan da sauran ƙarfinsu. Abin da suka karanta shi yake raba su a wannan lokaci. Gowon ya koma aji bayan an hamɓarar da shi, ya yi digirin digirgir a kimiyyar siyasa a Jami'ar Warwick ta Ingila. Joseph Garba ya yi ministan harkokin waje, ya kuma shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989. David Mark, hafsan sadarwa, ya riƙe shugabancin Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015. Ga ƙananan sojoji akwai cibiyar koyar da sana'a a Oshodi ta Legas, inda ake shirya masu barin aiki.

Shirin shiga yana farawa tun daga aji huɗu na sakandare: a riƙe lissafi da Turanci da kimiyya, a saba da gudu da sassafe, a kula da lafiyar ido da haƙori, a nisanci ƙwaya da sholisho, domin gwajin jini da fitsari yakan tona asirin mai shan ƙwaya, a kuma guji duk abin da zai sa suna ya shiga littafin 'yan sanda. Duk lokacin ɗaukar sojoji 'yan damfara sukan fito, wasu har da kaki, suna cewa suna da gurbi a hannun wani babba, kuma iyaye da yawa sun sayar da gona ko akuya sun miƙa musu. Rundunar sojan ƙasa tana nanata cewa cike takardar neman shiga kurtu kyauta ne a shafinta na intanet. Sharuɗɗan shekaru da tsawo da maki sukan canja daga shekara zuwa shekara, saboda haka mai nema ya karanta sanarwar hukuma ta shekarar da idonsa, ya cike takardunsa da hannunsa, kada ya ba kowa ko sisin kwabo da sunan sayen gurbi.